Sakan ɗaya tak: Wasan ƙarshe da ya raba kan masu darar ces a gasar matan Amurka

Ranar Laraba 21 ga watan Mayun 2008, a birnin Tulsa na jihar Oklahoma a Amurka, wasu mata biyu suna zaune fuska da fuska, allon dara a tsakaninsu, agogo a gefe. Hannuwansu na kai da komo tsakanin allon da agogon da saurin da ido ba ya iya bi. Can sai ɗaya ta tsaya cak, agogonta ya nuna 0:00. Na abokiyar karawarta kuwa yana nuna 0:01.

Wadda lokacinta ya ƙare, Irina Krush, ta kaɗe sarkin dararta da hannu ya yi tsalle daga kan teburi, ta miƙe ta fice daga ɗakin. Wadda ta rage a zaune, Anna Zatonskih, ita ce ta zama gwarzuwar Amurka ta wannan shekara a wasan darar ces ajin mata.

Kyamara ta ɗauki abin da ya faru. Cikin ƴan kwanaki bidiyon ya karaɗe YouTube, aka shiga ce-ce-ku-ce a kan tambayar da har yau masu wannan wasa ba su gama amsawa ba: gasar da aka kwashe kwana tara ana fafatawa da ƙwaƙwalwa, daidai ne saurin hannu ya yanke hukuncinta?

Darar da ake yi da agogo

Ces, wadda ƴan makaranta a Nijar suka fi sani da sunanta na Faransanci, eshek, ta sha bamban da darar da ake yi a gindin bishiya a Maraɗi ko Damagaram. A darar gida gurbi 30 ne, kowa na da ƴaƴa 12 masu daraja ɗaya, kuma mutum na iya tsayawa ya yi nazari iya son ransa, iyaka dai ƴan kallo su dame shi da tsiya. A ces kuwa gida 64 ne, kowane ɓangare na da ƴaƴa 16, farare da baƙaƙe, kuma kowane iri da irin tafiyarsa. Manufa ita ce a ritsa sarkin abokin karawa ta yadda ba shi da mafita. Mai farare ne ke fara tafiya, abin da ke ba shi ɗan fifiko.

Babban bambancin dai shi ne agogo. Tun gasar Landan ta 1883 ake amfani da agogo mai fuska biyu, kowane ɗan wasa da tasa. Idan mutum ya yi motsinsa sai ya danna maɓalli da hannun da ya yi motsin, lokacinsa ya tsaya, na abokin karawarsa ya fara tafiya. Wanda lokacinsa ya ƙare ya faɗi, ko da shi ne ke da rinjaye a kan allo, matuƙar dai abokin karawar na da sauran ƴaƴan da za su iya ritsa sarki. Wanda ya ci wasa yana samun maki ɗaya, canjaras kuma rabin maki ga kowa.

A babbar gasa wasa ɗaya kan ɗauki awa huɗu zuwa shida. Da irin wannan dogon wasa ake auna gwanintar ɗan ces.

Ƴan ƙasa ɗaya, a ƙasar wasu

Matan biyu da suka kara a Tulsa duk ba a Amurka aka haife su ba. Ƴan asalin Yukren ne, tun tana cikin Tarayyar Sobiyet, inda ake ɗaukar ces da muhimmanci kamar darasin makaranta.

An haifi Krush a birnin Odesa a watan Disambar 1983. Ta koyi wasan tana ƴar shekara biyar, kuma a 1989 iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa Brooklyn a birnin New York. A can ta tashi. A 1998, tana da shekara 14, ta lashe gasar matan Amurka, ta zama mafi ƙarancin shekaru da ta taɓa yin haka. Shekara guda bayan nan sunanta ya zaga duniya a wasan da Garry Kasparov ya yi da jama'ar duniya ta intanet, inda mutane sama da dubu 50 suka riƙa jefa ƙuri'a kan motsin da za a yi. Krush na cikin matasa huɗu da ke ba jama'a shawara, kuma shawararta aka fi bi. Sai da Kasparov ya yi motsi 62 kafin ya yi nasara.

Zatonskih ta girme ta. An haife ta a Mariupol a watan Yulin 1978, kuma sai da ta zama gwarzuwar matan Yukren a 2001 sannan ta koma Amurka da girmanta, da gwanintarta a hannu. Ta lashe gasar matan Amurka a 2006. Krush ta karɓe kambun a 2007. Ke nan a 2008 mai riƙe da kambu ce ta haɗu da wadda ta gada, kowacce na ganin ita ta fi cancanta.

Sun kuma san juna ciki da bai. A 2004 tare suke cikin tawagar matan Amurka da ta zo ta biyu a gasar ƙasashen duniya ta ces, wato Olimfiyad, a Calvia ta ƙasar Sifaniya, tare da Susan Polgar da Jennifer Shahade.

Wasa tara, ba wadda ta fi wata

An buɗe gasar ta Tulsa ranar 13 ga watan Mayu, da tallafin Frank K. Berry, wani alƙalin ces ɗan jihar ta Oklahoma. Mata goma ne suka shiga, kowacce ta kara da sauran taran. Da aka kammala zagaye na tara, Krush da Zatonskih kowacce na da maki bakwai da rabi. Krush ta iso nan ne a gajiye, domin wasanta na ƙarshe da Katerina Rohonyan ya yi tsawo ƙwarai kafin ya ƙare canjaras.

Tsarin gasar ya tanadi a raba gardama a ranar. Aka fara da wasa biyu na minti 15 ga kowacce, suka tashi da maki ɗaya ɗaya. Aka rage lokaci zuwa minti biyar, aka sake wasa biyu, nan ma ɗaya da ɗaya. Kare jini, biri jini. Saura mataki guda, wanda masu ces ke kira Armagedon, sunan yaƙin ƙarshen duniya.

Ma'abota ƙwallon ƙafa za su iya kwatanta shi da bugun fanareti bayan an tashi ƙarin lokaci. An tsara shi ne ta yadda ala tilas sai an samu wanda ya ci. Mai farare na samun lokaci mafi yawa amma dole ya yi nasara. Mai baƙaƙe lokacinsa kaɗan ne, sai dai idan aka tashi canjaras shi ya ci. A Tulsa, ɗaya ce ke faɗin yadda za a raba lokacin, ɗayar kuma ta zaɓi launin da take so, kamar yadda ake yi wa yara rabon nama, wani ya yanka wani ya fara ɗauka. Krush ta zauna da farare da minti shida. Zatonskih ta zauna da baƙaƙe da minti huɗu da rabi.

Abu guda da daga baya ya zama tushen rigimar shi ne, a wannan wasa agogon ba ya ƙara wa kowa ko sakan ɗaya bayan motsi. Abin da aka ba ka da fari, shi ke nan.

Sakan shida da sakan biyu

Irin wannan wasa yana farawa ne kamar ces, ya ƙare kamar tsere. Muddin ba a ritsa sarki da wuri ba, akan kai gaɓar da nazari ba shi da sauran amfani, domin duk sakan da mutum ya kashe yana tunani ya tafi ke nan. Daga nan kowa ƙoƙarinsa shi ne ya yi kowane irin motsi da doka ta yarda da shi, ya danna agogo, ya mayar wa ɗan'uwansa da wutar.

Haka ta faru a Tulsa. Da aka zo ƙarshe, Krush ce ke gaba a lokaci. Zatonskih da kanta ta bayyana daga baya cewa ta duba ta ga saura mata sakan biyu, abokiyar karawarta kuma na da shida, har ta ɗauka ta faɗi. Sai ta shiga motsa ɗan darar da ya fi kusa da agogo, don hannunta ya rage tafiya tsakanin allo da maɓalli.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan hannun mutum ya riga ya kai kan ɗan dararsa a lokacin da abokin karawa ke danna agogo, motsinsa da danna nasa maɓallin ba za su ci ko rabin sakan ba. Agogonsa kusan a tsaye yake. Shi kuwa wanda ke jira ya ga motsi kafin ya ɗaga hannu, kowane zagaye yana asarar lokaci. Cikin ƴan motsi kaɗan sakan shidan Krush suka narke, na Zatonskih kuma ɗaya kawai ya ragu.

Alƙalan wasa na wurin. Ba wadda ta tsayar da agogo, ba wadda ta kai ƙara. Aka rubuta sakamako.

Wasiƙar da ta tayar da ƙura

Bayan ƴan kwanaki, da Krush ta kalli bidiyon a tsanake, sai ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa wadda hukumar ces ta Amurka ta wallafa. Ƙorafinta shi ne Zatonskih ta riƙa fara motsinta tun kafin ita ta kammala nata, wato tana wasa ne a cikin lokacin da agogon Krush ke tafiya. A ganinta, ba ta yadda za a yi mai sakan biyu ta riga mai sakan shida tsira in da an bi ƙa'ida. Ta ce za ta amince a raba kambun tsakaninsu, ko kuma a sake karawa a wasanni masu isasshen lokaci.

Masu shirya gasar ba su sauya sakamakon ba. Hujjarsu ita ce, a irin wannan wasa duk mai ƙorafi dole ya tsayar da agogo nan take ya kira alƙali. Abin da aka kawo bayan an tashi, ihu ne bayan hari. Magoya bayan Zatonskih kuma suka ce abin da ta yi shi ne abin da kowane gogaggen ɗan wasan sauri ke yi, kuma dukansu biyu sun san sharuɗɗan kafin su zauna.

Magoya bayan Krush suka mayar da martani da tambaya: wa ke da sukunin lura da laifi, ya tsayar da agogo, ya kira alƙali, alhali saura masa sakan uku? In haka ne, ina amfanin alƙalin da ke tsaye yana kallo?

Abin da ya sa muhawarar ta ƙi ƙarewa shi ne ita kanta dokar tana da baki biyu. Dokokin hukumar ces ta duniya, FIDE, sun bambanta yin motsi da kammala shi. An yi motsi ne da zarar hannu ya saki ɗan dara a sabon gidansa. An kammala shi kuma idan aka danna agogo. Dokar ta ce dole a bar mutum ya danna agogonsa ko da abokin karawarsa ya riga ya mayar da martani, abin da ke nuna ba laifi ba ne a amsa kafin a danna. Laifin shi ne a fara tun hannun ɗayan bai saki ɗan dararsa ba. Tazarar da ke tsakanin halal da haram a nan ba ta kai ƙiftawar ido ba. Jama'a suka riƙa rage saurin bidiyon suna kallo hoto bayan hoto, amma duk da haka kowa ya ga abin da yake son gani.

Da ƙura ta lafa, masu sharhi da dama daga ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: matsalar ta fi ƙarfin matan biyu, tana cikin tsarin da aka ɗora su a kai.

Maganin da ke hannu

Maganin kuwa ya daɗe da samuwa. Bobby Fischer, Ba'amurken da ya zama gwarzon duniya a 1972, ya ƙirƙiro agogon da ke ƙara wa ɗan wasa ƴan sakan duk lokacin da ya yi motsi, kuma da shi aka yi karawarsa ta biyu da Boris Spassky a 1992. Da ƙarin sakan biyu ko uku, wanda ke da rinjaye a kan allo na da damar kai wasansa ƙarshe ba tare da an koma wasan hannu ba. Masu adawa da sa wannan ƙari a Armagedon na cewa yana rage wa mai farare fifikon lokacin da aka ba shi. Shi ya sa wasu gasanni suka bi tsaka-tsaki, ƙarin ba ya farawa sai wasa ya yi nisa. Haka ake yi a babbar gasar ƙasar Norway, wadda tun 2019 take raba duk wasan da ya tashi canjaras da Armagedon.

A shekarar ta 2008 ma an sake ganin irin wannan rikici a gasar matan duniya da aka yi a Nalchik ta ƙasar Rasha. Monika Socko ta Poland da Sabina Foisor ta Romaniya sun kai Armagedon a zagayen farko, kowacce ta rage da sarki da doki ɗaya, sai lokacin Foisor ya ƙare. Alƙali ya ce canjaras ne, abin da zai ba Foisor nasara tun da ita ke da baƙaƙe. Kwamitin ɗaukaka ƙara ya soke hukuncin ya ba Socko, bisa hujjar cewa a doka akwai yadda za a iya ritsa sarki da waɗannan ƴaƴa, ko da sai abokin karawa ya yi wauta.

Raba kambu da Krush ta nema shi ma ba baƙon abu ba ne. A 1948 Gisela Gresser da Mona Karff sun raba kambun matan Amurka. A ranar ƙarshe ta 2024 kuma, a New York, Magnus Carlsen da Ian Nepomniachtchi sun nemi a raba musu kambun duniya na wasan sauri, FIDE ta amince, lamarin da shi ma ya sha suka daga masu ganin gasa ba ta cika ba sai da gwarzo ɗaya.

Daga Tulsa zuwa Dresden

Wata shida bayan rigimar, a watan Nuwambar 2008, aka buɗe Olimfiyad a birnin Dresden na Jamus. Tawagar matan Amurka ta sa Krush a allo na ɗaya, Zatonskih a allo na biyu, kujera kusa da kujera, makin kowacce na shiga asusu ɗaya. Tawagar ta zo ta uku a duniya, Zatonskih kuma ta karɓi lambar zinare ta wadda ta fi kowa ƙwazo a allo na biyu.

A gida kuwa hamayyar ta ci gaba. Daga 2006 zuwa 2015, shekara goma cur, ba wata mace da ta ɗauki kambun Amurka in ba su biyun ba. Zatonskih ta ƙara a 2009, da maki takwas da rabi cikin tara, sakamakon da ya rufe bakin masu cewa sa'a ce ta ba ta na Tulsa, sannan ta sake a 2011. Krush ta ɗauka a 2010. A 2012 suka sake yin kunnen doki, aka koma raba gardama, wannan karon Krush ta ci wasannin biyu ba tare da an kai ga Armagedon ba. Ta riƙe kambun shekara huɗu a jere har 2015, kuma a 2013 ta samu muƙamin babban gwani, mafi girma da FIDE ke bayarwa ga maza da mata. A 2020 cutar korona ta kwantar da ita a asibiti, amma kafin shekarar ta ƙare ta lashe kambunta na takwas.

Takwas ɗin nan ne ke sa a riƙa tuna Tulsa. Tarihin da Gisela Gresser ta kafa shi ne kambu tara.

A watan Oktoban 2022, a birnin Saint Louis, dama ta sake zuwa. Krush ta yi kunnen doki da Jennifer Yu, matashiya ƴar shekara 20 wadda ba a ma haife ta ba lokacin da Krush ta fara zama gwarzuwa. Wasanni biyu na sauri suka tashi ɗaya da ɗaya, aka koma Armagedon, Krush kuma da farare kamar a 2008. Tun a farkon wasan Yu ta yi kuskure ta bayar da ɗaya daga cikin manyan ƴaƴanta a banza, irin kuskuren da a dogon wasa ba a farfaɗowa daga gare shi. Ba ta miƙa wuya ba. Ta ci gaba da wasa cikin sauri tana jefa wa Krush matsala bayan matsala, Krush kuma na kashe lokaci wajen warware su. Kafin a kai ƙarshe agogon Krush ya sake nuna 0:00, Jennifer Yu ta ɗauki kambun, Krush kuma ta tsaya a takwas.